Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Sana'ata saye da sayar da sunaye ce. Kowane shafi na intanet yana da adireshi, wato sunan da ake bugawa a waya kafin ya buɗe, kuma duk wanda ya riga yi wa suna rajista shi ne mai shi, muddin yana sabuntawa duk shekara. Ni aikina in riga mutane. In kama suna tun ba wanda ya kula da shi, in ajiye, in jira ranar da wani zai zo yana huci yana nemansa. Dillancin awaki ne dai, illa nawa awakin ba sa cin dusa. A ɗakin zaure na gidanmu a Haɗeja nake yi, da tsohuwar kwamfuta da batirin sola, kuma har yau rabin unguwarmu sun ɗauka cajin waya nake yi.

Yi wa suna kuɗi ba wuya in ka saba. Ya zama gajere. Kada a sa masa lamba ko ɗan layi a tsakiya. Ya zauna a baki, yadda ko a rediyo aka ji shi sau ɗaya za a iya maimaitawa. Waɗanda suka fi tsoka su ne masu ɗauke da sunan da wani kamfani ya riga ya yi wa rajista a matsayin alamar kasuwancinsa, domin kamfanin yana so kuma yana da abin biya. Su ne kuma suka fi haɗari, don in ya ga dama ba zai saya ba, ƙara zai kai a ƙwace. Mu 'yan sana'ar muna ce musu masu ƙaya, kamar kifin ƙarfasa: akwai nama, amma mai gaggawa tana tsaya masa a wuya. Ina da irinsu 'yan kaɗan, ba zan ce ba ni da su ba.

Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama, ta wajen hanyar Kirikasamma. Shi ke noma, Inna ke gumi. Ita ke jiƙa shanshera, ta turara, ta shanya, ta tsince tsakuwa har idonta ya yi ja. Shinkafarmu ta yi suna da tsabta, shi ya sa Baba ke rubuta sunansa da shuɗin fenti a jikin kowane buhu, ainihin sunansa haɗe da laƙabin da masunta suka sa masa tun yana saurayi. Fatake kan shigo kasuwa suna tambayar ta wane. Cikinsu akwai wanda ya daɗe yana ɗauka a wurinmu, daga baya ya haɗa kai da masu kuɗi suka kafa injin gyaran shinkafa a wani gari, suka buga sunan nan a buhunansu masu sheƙi, suka yi masa rajista. Da labari ya iso Baba dariya ya yi. Ya ce su ci, ai suna ba ya ƙarewa don an ɗiba.

Baba ya rasu da bazara, kafin ruwa ya sauka. A daminar ce kogi ya fasa jinga ya shiga gonar, ya shiga gari, ya shiga ɗakin da muke tara buhuna. Da ruwa ya ja baya, gonar ta zama ciyawar kacala da laka, tsofaffin buhunan Baba kuwa ko ɗaya ba mu gani ba. Ban yi kuka a makoki ba, ban yi a kan gonar ba. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa, amma da za a tsikare ni da allura ina jin sai na duba kafin in san an yi. A cikin wannan hali wata rana da hantsi na buga sunan Baba a kwamfuta, haka kawai. Na ga ba wanda ya kama shi. Kamfanin nan da duk kuɗinsa bai tuna ba. Na yi masa rajista.

Kaina da kansa ya shiga lissafin da ya saba: gajere ne, ba lamba, yana zama a baki, ga mai saye a shirye. Kuma wurin da nake ajiye sunayena, duk sunan da ya shigo sai ya lika masa allon cewa na sayarwa ne, kamar yadda na saita tun fara sana'a. Shi ma ya lika masa. In aka tambaye ni ko na yi niyyar sayarwa, amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Abin da na sani, shi kaɗai ne abu mai sunan Baba da ya rage a hannunmu wanda ruwa ba zai iya ɗauka ba, kuma ina son ya zauna a hannuna.

Bayan watanni lauyan kamfanin ya kira ni. Muryarsa da ladabi, irin ladabin da ke sa ka duba aljihunka. Bai taya ba. Ya ce sun kai ƙara wurin masu raba gardamar sunayen intanet, an ba ni lokaci in kare kaina a rubuce. Na ce masa sunan ubana ne. Ya ce Allah ya jiƙansa, in kawo hujja.

Hujja kuwa babu. Buhuna sun bi ruwa. A makaranta da sunan garinmu aka rubuta ni a madadin na uba, kamar yawancin sa'o'ina, don haka ko katin shaidata ba ya ɗauke da shi. Tsofaffin fataken da suka san asalin abin, wasu sun mutu, sauran yanzu injin ne ke sayen shinkafarsu. Na je wurin biyu daga cikinsu, kowa ya ba ni ruwa, ya yi wa Baba doguwar addu'a, ya raka ni har bakin ƙofa. Wani abokin sana'ata da ya taɓa shiga irin wannan rigima ya ce in samo wanda ya ga farkon abin da idonsa, in ɗauke shi a waya yana bayani, ya ambaci sunan da bakinsa. Wanda ya ga farkon abin mutum ɗaya ya rage, Inna.

A nan gizon yake. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba. Matan zamaninta ba sa kiran sunan miji, ita kuwa ta fi kowa riƙo. Ko wani baƙo mai irin sunan aka yi, sai ta ce mai sunan malam. Ni ma haka, da yake ni ne ɗan fari, kunya ta hana ta kama sunana tun ranar da aka raɗa shi. Ƙannena tana kiransu ɗaya bayan ɗaya har da zagi, ni kuwa "kai" ne, in tana magana da wasu kuma "yayanku". Ina yaro abin yana ci mini rai. Nakan laɓe a bayan rumbu in ƙi amsawa, ko za ta gaji ta kira ni kamar kowa. Ba ta taɓa gajiya ba. Sai dai in na fito in tarar ta ajiye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai, wanda ba ta ba kowa.

Na same ta bayan la'asar a tsakar gida tana tsintar shinkafa, bayanta bangon da har lokacin yake ɗauke da zanen inda ruwa ya tsaya. Na yi mata bayani iya yadda zan iya, na kafa waya.

Ta yi magana mai kyau. Ta faɗi yadda suka fara da tukunya ɗaya, yadda shi yake haɗa fenti a gwangwani, yadda shi ya ƙi sayar wa wani don ya ce zai gauraya da wata. Shi, shi, babanku, mai gidan nan. Na bar ta ta kai ƙarshe, sannan na ce, "Inna, shi wa?"

"Kai ba ka san shi ba?"

"Ni na san shi. Mutanen da za su kalla ba su san shi ba. Sai kin faɗi sunan."

Ta ci gaba da tsinta. "Su tambayi mutanen gari mana."

"Mutanen gari sun ƙi. In ba ki faɗa ba ƙwacewa za su yi."

"Su ƙwace me? Bawan Allah yana kwance a makwancinsa."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya taunawa kafin in furta. Na ce wannan kunyar ta me ce, mutum ya mutu, gona ta tafi, abu ɗaya ya rage ita kuma tana rowar kalma biyu. Ba ta ɗago ba. Na fita kasuwa na sayo ƙaramin buhun kamfanin, na dawo na dire shi a gabanta. Inna ba ta karatun boko, amma ta yi shekara da shekaru tana wanke buhunan Baba tana shanyawa, ta san siffar rubutun. Ta sa yatsa ta bi haruffan a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce, "Nasa ya fi karkacewa."

Kwanaki suka wuce, lokacin da aka ba ni yana ƙarewa. Wata safiya ina zaure na ji ta ce, "Kai, ɗauko wayar taka."

Na tarar ta sa zanenta na zuwa unguwa, ta yafa mayafi, ta tura kowa maƙwabta, ta sa an kara ƙyaure. Ta zauna a bakin gado ta haɗa gwiwoyi. Na danna. Ta daɗe tana kallon ƙasa, har na ɗauka ta fasa. Sai ta ce, "Shinkafar nan ta mijina ce," ta faɗi sunan.

Ba yadda fatake ke faɗinsa ba ne, su da suke jan ƙarshensa. A gajarce ya fito, da wata 'yar shaƙewa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na tsaya ina jiran in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ba abin da ya motsa. Abin da ya zo mini kawai shi ne ko sautin ya fita sosai, ko kukan zakaran maƙwabta ya shiga ciki.

"Ya isa?" in ji ta.

"Ya isa, Inna."

Ta miƙe ta cire mayafin ta ninke, ta juya mini baya. Na koma zaure na haɗa da bayanina na aika.

Washegari ina kan kwamfuta na ji an kira sunana daga cikin gida. Cikakkensa, a fili, yadda malamin asibiti ke kiran mai layi. Ban gane muryar ba sai da aka maimaita. Inna ce, tana cewa in zo in ɗauki kokona kafin ya huce. Ƙanwata da ke shara ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Na shiga na ɗauka. Inna tana juya tukunya, fuskarta ba fushi ba komai. Abin da na laɓe a bayan rumbu ina jira ina yaro ya zo, na same shi da sanyi kamar ruwan randa.

Hukunci ya fito bayan makonni. Sun ce kamfani yana da rajista, ni kuma na kafa wa sunan allon sayarwa, ga wasu masu ƙaya a hannuna da ke nuna irin sana'ata. Suka ba da umarni a miƙa wa kamfanin sunan. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa, ba inda aka ambaci Inna. Ban san ko sun buɗe abin da na aika ba. Yanzu in ka buga sunan Baba, wata mata ce ke fitowa tana murmushi rungume da buhu.

Na gaya wa Inna da yamma, tana alwala. Ta ƙarasa wanke ƙafarta, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ɗora sunana a ƙarshen maganar.

Ina nan ina sana'ata. Na sauya waya tun daga lokacin, kuma duk sauyin sai na kwashe muryar nan na mayar cikin sabuwar, ban taɓa kunnawa ba. Sunan Baba bai sake fita daga bakin Inna ba, ya koma shi, ya koma babanku. Nawa ne bai koma ba. Kullum da shi take kirana, safe da yamma, a gaban baƙi da a bayansu. Na taɓa gwada ƙin amsawa, na yi shiru a zaure ko za ta manta ta ce "kai". Ta kira sau biyu, sannan ta aiko ƙanwata da kwanon abincina.