Layin Allin da Ka Bari, Abarshi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 16 ga Agusta 2006, ina cikin kasuwar Konni aka ce mini ka faɗi a garejinka na Malbaza, Abarshi, kafin a kai ka likita rai ya yi halinsa. Na ce ƙarya ne, don ko da safiyar ranar na baro ka kwance ƙarƙashin motata.

Ni Sallau, direban garin Tajaye, a hannunka na san kardan, sandar ƙarfen nan mai juya tayoyin baya, da boris ɗin tsakiya da ke riƙe da ita cikin roba. Kai ba ka tambayar direba abin da ke damun mota. Takalmi kake tuɓewa, ka shiga gaba, ka dafa tafin ƙafa a ƙasan motar, ka ce a ja. Da rawar ta taɓa ƙafarka, ka san ko roba ce ta tsage ko boris ne ya sha ruwan ƙorama.

Lokacin da direbobi suka shiga yayin ƙara sifirin, ƙarafan da ke ɗauke nauyin mota, a baya don su labta siminti, ni ma na zo da nawa. Ka harare ni ka ce, "Mi kake so, Sallau? Ka ɗaga gindin mota, kardan ta karkace, boris ya ci kanshi? Ba da hannuna ba." Na tafi ina gunaguni. Kafin kaka, motar wani da ya ƙara ta yar da kardan a hanyar Illela, da mutane a baya. Ba ka taɓa yi mini gori ba.

Wannan karon ma da na kawo maka motar, ƙafarka ce ta ji boris ya lalace. Ka raba kardan ɗin biyu, amma kafin ka raba ka ja layin alli a mahaɗar, kamar kullum, don kowane haƙori ya koma gurbinsa. Ka ce in aka maida ta a karkace, sabon boris ma ba zai kai ƙarshen damina ba.

Wallahi tsoro nake ji, Abarshi. Motar nan ce ke fitar da mai naƙuda daga unguwarmu in laka ta rufe hanya, ga 'yata Karima watanta ya tsaya. Ƙanenka Lawali ya ce zai haɗa bayan sadakar bakwai. Ya iya, amma da layinka yake aiki, rumfar garejin kuwa yoyo take yi. Jiya hadari ya haɗo, na baro zaman makoki a guje, na tuɓe rigata na naɗe ƙarfen. Mutane suna kallona, ban kula ba.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa rayukan da ka tsare su zame maka haske. Matarka Dije da yara, da Lawali, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, ka sauki Karima lafiya, ka tsare mana layin nan har hannun Lawali ya kai gare shi. Na duba da safe, Abarshi, yana nan, amma ya fara dushewa.