Mai Sassaƙen Maɗaci

Ka taɓa ganin an feɗe itace da ransa? Ga wani can a bakin hanyar Tafashiya, gajere mai hula duk maiƙo, yana sassaƙar maɗaci da gizago. Masu magani na kirki gefe guda suke ɗiba, su shafe wurin da laka ya warke. Shi kuwa zagaye gindin yake yi kaf, kamar mai fiɗar akuya. Wataƙila kasuwar Kankiya yake sauri.

Inno, tsohuwa mai gyaɗa a inuwar, ta ce, "Malam, baɗi ina zan zauna?"

"Allah ya kai mu baɗin, Iya," in ji shi, yana cusa ɓawo a buhu.

Itatuwa bakwai a jere, huɗu sun bushe. In akwai mai sauran rai a hanyarku, don Allah ɗebi laka ka shafe masa ciwon.