Ranar da Baffa Ya Yafe Ƙafata

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da abin da ya same ni a wani garin kan iyakarmu da Nijar ba. Ko na so mantawa ma ƙafata ta dama ba za ta yarda ba, don kullum asuba in na tashi alwala ita ke fara yi mini ina kwana.

Ni manomi ne daga wani ƙauye a yankin Bici. Wanda ya san wajenmu ya san gona a jikin gona take, babu sauran dajin da mutum zai ɗauki gatari ya sara ya ce ya yi sabuwa. Abin da mahaifina ya bar mini gona ɗaya ce a bayan gida, wadda ya yi shekara da shekaru yana kai mata taki a kan jaki har ƙasarta ta yi baƙi. Ita ke ci da ni da iyalina. A shekarun nan da kwanon gero ya fara gagarar talaka, sai abin da nake nomawa ya daina kai mu wata damina. Shi ne na shiga ɗan fatauci da rani. Nakan sari buhun masara biyu ko uku a Dawanau, in bi motar 'yan kasuwa zuwa kan iyaka, in dawo da kanwa ko 'yar akuya. Ba riba ce ta a zo a gani ba, amma tana sa a ɗora tukunya.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ina tsugune gefen buhunana muna ciniki da wani mutum, sai na ji ana ta ihun a kauce. Wata babbar mota ce mai lambar Nijar, ta ɗauko albasa, birki ya tsinke mata a gangaren shiga kasuwa. Mai cinikin ya yi tsalle ya tsira, ni ban samu miƙewa ba. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne warin albasa, kuma har yau ba na son tsayawa kusa da inda aka tara ta.

Ban farka ba sai washegari, a asibitin garin. Ina buɗe ido na ga Baffa zaune a kaina yana jan carbi. Baffa ƙanen mahaifina ne, malami mai karantarwa a zaure, kuma shi ne babba a gidanmu tun da mahaifina ya rasu. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ban kuma taɓa ganin ya faɗi magana ya janye ba.

"Sannu, ɗana," ya ce. "Allah Ya yi da sauran shan ruwa a gaba. Shi kuma direban kada ka sa shi a ranka, na riga na ce mun yafe."

Na ce, "To, Baffa." Me zan ce? Ko ƙafar ban duba ba tukuna.

Daga baya abokin tafiyata, wanda muka saba hawa mota tare daga Dawanau, ya ba ni labarin yadda aka yi. Baffa na isowa garin aka kai shi wajen 'yan sanda, inda ake tsare da direban. Shugabannin direbobi sun zo da goro, suka zube suka gaishe shi, shi kuwa direban yana gefe yana ta kuka, yana cewa shi ke riƙe da tsohuwarsa. Baffa ya dube shi ya ce, "Da gangan ka yi?" Ya rantse ba da gangan ba. Baffa ya ce, "To ƙaddara ce, kuma ba a shari'a da ƙaddara. Mun yafe duniya da lahira." Aka rubuta, ya dangwala, aka shafa fatiha, aka saki mota da direba. Kowa ya watse yana yabon dattakon mutanen Kano. Duk wannan abin ni mai ƙafar ina can kwance ban san inda kaina yake ba.

Likita ya ce ƙashin cinya ya karye wuri biyu, sai an kai ni Kano an yi aiki an sa ƙarfe. Da ya faɗi kuɗin, sai muka ga ya fi ƙarfinmu. Gida muka dawo, wajen mai ɗori. Ba zan ci haƙƙin Baffa ba, ya sayar da sansa guda na huɗa, kuɗin duk ya ƙare a kaina. Damina ta zo ta same ni a kwance, maƙwabta suka yi mini gayya sau ɗaya, daga nan kowa ya koma kan tasa. Ɗorin ya kama a karkace, kuma ciwon ya ƙi rufewa, kullum yana ruwa. Kafin kaka na ba da gonar jingina don magani da abinci. Da aka kai ni asibiti a Kano suka ce ƙashin ya fara lalacewa, in ba a yi aiki ba ƙafar ce za a cire.

Ana cikin haka abokin tafiyar nan nawa ya zo duba ni. Ya zauna ya kalli ƙafar, ya girgiza kai.

"Wai kai ba ka san duk motar da ke tsallaka iyaka tana da inshora ba? Na ji a bakin wani direba. In ta buge mutum, kamfani ne ke biyan magani da diyya. Ba daga aljihun direba ba."

Matata tana bakin ƙofa tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta ce, "Ashe ke nan ba yaron nan direba Baffa ya yafe wa ba, kamfani ya yafe wa." Na harare ta don ta yi shiru, amma ni ma abin da ke raina ke nan.

Daga nan na fara zarya, da sanda a hammata. Wanda bai taɓa zama a bayan motar kaya da ƙafa mai ruwa ba, ba zai gane irin tafiyar ba. Na je ofishin 'yan sanda da ke ɓangarenmu, suka ce ai an kashe maganar tun ranar, ga dangwalen babbanku. Suka ce tunda motar ta can ce, in tsallaka. Na tsallaka, jandarmomi suka saurare ni ta bakin tafinta, suka ce hatsarin a ƙasarku ya faru, sai da rahoton 'yan sandanku. Na dawo, aka ce mai rubuta rahoton an yi masa canjin wajen aiki. Wata rana in je a ce oga ya fita, wata rana a ce in dawo bayan kasuwa. Har masu sayar da shayi a bakin shingen kan iyaka suka san ni, in sun hango ni sai su ce, "Mai ƙafa, an dawo?" Kuma kowace tafiya daga cikin kuɗin jinginar gonar nake cire kuɗin mota.

Har mai motar na samu, wani Alhaji a can ƙetaren. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka dama mini fura. Ya ce, "Wallahi duk shekara biyan inshorar nan nake yi, ban taɓa cin moriyarta ba. Da kun bari an rubuta yadda abin ya faru, da tuni sun biya ka, ni ko kwabo ba zan yi asara ba. Amma aka ce mini babbanku ya yafe, to ni in ce a'a?" Ya ba ni kuɗin mota, na yi godiya.

A ƙarshe wani ɗan sanda mai ɗan shekaru ya ji tausayina. Ya ce hanya ɗaya ce ta rage: wanda ya dangwala ya zo da kansa ya ce ya yi magana ne ba da sanin mai ciwo ba, sai a sake buɗe maganar.

Na samu Baffa a zaure bayan la'asar, ɗalibai sun tashi. Na zauna da ƙyar, na miƙe ƙafar a gabansa, na faɗa masa komai. Na ce, "Baffa, ba ƙarya za ka yi ba. Gaskiya ce, ba a tambaye ni ba. Kuma direban ba abin da zai same shi."

Baffa ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Na ce duniya da lahira, a gaban jama'a, aka shafa fatiha. Magana zarar bunu ce. Da furfurata zan koma garin mutane in ce na fasa? Ka yi haƙuri, Allah zai musanya maka."

"Gonar ce za ta tafi, Baffa."

"Wanda ya ba ubanka ita yana nan."

Na ɗauki sandata na tashi. Ba girmamawa kaɗai ta rufe mini baki ba, gajiya ce. Na gaji da motoci, na gaji da bakin ofis, na gaji da roƙon abin da yake haƙƙina ne. Kafin wata damina na sayar wa mai jinginar da gonar gaba ɗaya, aka yi mini aiki. Ƙafar ta tsira, sai dai ta fi 'yar'uwarta gajarta. Mai sayen bai ma noma ta ba, yanka ta ya yi filaye. Yanzu in na fito bayan gida, katangar bulo nake gani a kan ƙasar da mahaifina ya ciyar da taki. Ni kuwa tebur na kafa a bakin titi, ina sayar da sabulu da ashana.

Ban daina gaida Baffa ba, amma gaisuwar ta zama gajera, kuma ya sani. Haka muka yi shekaru. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, sai ya aiko a kira ni, ya sa kowa ya fita daga ɗakin. Idonsa a kan ƙafata yake, ba a fuskata ba.

"Ɗana, na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Na daɗe da ganewa, girman kai ya hana ni faɗa. Ka yafe mini?"

Ban amsa da wuri ba. Ba don ina son in wahalar da tsoho ba, sai don tun ranar da motar nan ta bi ta kaina, wannan ne karo na farko da wani ya tambaye ni. Na zauna ina jin daɗin tambayar, shi kuma ya jira, bai katse ni ba, bai kuma amsa a madadina ba. Sannan na ce, "Na yafe, Baffa, duniya da lahira." Da bakina na faɗa, kuma har zuciyata.

Abin da na koya shi ne, yafiya abu ne mai kyau, amma ta mai ciwo ce. Yau ni ne babba a gidanmu, kuma an sha zuwa da goro a zube a gabana kan abin da aka yi wa wani nawa. Nakan karɓi gaisuwa, in mayar musu da goronsu, in ce a jira mai ciwon ya farka.