Neman Gashin Zakara Daga Kamlin Zuwa Rusairis

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, mu uku: ni da kawuna da ƙanena, wanda ya aro a-kori-kurar maƙwabcinmu kuma shi ne direba. Ƙauyenmu yana kudu da Kamlin kaɗan, tsakanin gonakin auduga da kogi. Masu tambayata abin da ya raba manomi da gonarsa har kwana uku, ga yadda aka yi.

Kawu masunci ne, jikan Sarkawan da suka baro Kabi da niyyar hajji suka zauna a nan. Shi ba ya fatsa da tana. Ƙugiya yake yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ɗan kifi, ya wurga ta da sandar gora, ya riƙa jan ta a hankali, tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, ya taso ya cafke. A daminar bana kogi ya cika ya shiga ɗakinsa, ya tafi da akwatin kayan aikinsa kaf. Tun daga ranar ya daina zuwa bakin ruwa. Sai zama a gindin darbejiya, abinci ma loma biyu ya ture kwano. Innata, wadda ƙanwarsa ce, ta kira ni ta ce in ba a yi wani abu ba zaman nan zai kwantar da shi.

Ƙanena ya ce abin mai sauƙi ne, a intanet ake saye. Ya buɗe waya ya nuna wa Kawu shagunan ƙasashen waje, gashi kala-kala a jere cikin leda, ƙugiyoyi manya da ƙanana. Kawu ya daɗe yana kallo, ya kuma yaba. Da aka zo maganar biya sai muka tsaya cak. Ba mu da katin da suke karɓa, su kuma ba sa aiko da kaya ƙasarmu. Wani ɗan ƙauyenmu da ke aiki a Jidda ya ce zai taho da su, amma sai bayan babbar salla. Da ƙanena ya faɗi farashin fatar wuyan zakara guda, wanda zai sayi zakaru da yawa da ransu a kasuwar Kamlin, Kawu ya miƙa masa wayarsa ya ce a nemo mota, shi ya san inda kome yake.

Hanyar Madani ta yi mana kyau da safen nan, sai dai manyan motocin kaya da ba sa kauce wa kowa. A Hasahisa muka karya kwana muka hau gada zuwa Rufa'a. Kawu ya ce a zamaninsu sai a wuni ana jiran jirgin fito a wajen, yanzu ga shi kafin ya gama ba da labarin mun tsallake. Muka karya kumallo da ful, wato dafaffen wake, an malala masa man riɗi, ga burodi mai zafi, muka bi da jabana, gahawa mai citta, wajen wata mai shayi a bakin tasha.

Mai sayar da ƙugiyar da Kawu ya sani yana can cikin kasuwar garin, tsakanin masu lauje da masu igiya. Ya zubo mana ƙugiyoyi masu sheƙi a takarda, masu araha ƙwarai. Kawu ya ce in ɗauki ɗaya in maƙala a katakon tebur in ja. Na ja, ta miƙe kamar allura. Na ja ta biyu, haka. Mai shagon ya ɓata rai, ya ce da Larabci ko mun zo gyara masa tebur ne. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin teburin ya fito da wani gwangwani. Waɗannan baƙaƙe ne, masu dogon wuya, tsadarsu ta ninka ta farko, amma na ja har yatsana ya yi zafi ba su motsa ba. Kawu ya sa na maimaita masa sunan layin da shagon yake, ban kawo kome a raina ba na maimaita.

A Madani muka shiga layin teloli. Can muka sami zaren siliki ja da baƙi, da zaren ƙyalli irin na adon mayafi, da siririyar waya wadda ake ɗaurawa gaban ƙugiya saboda haƙorin tsage yana yanke zare. Saura jan farce, wanda ake ɗigawa a kan ƙulli don kada ruwa ya warware shi. Ƙanena ya ce shi mota zai tsare. Haka na shiga shagon kayan kwalliya da tsoho mai farin gemu a bayana, yana buɗe kwalabe yana shinshinawa. Mai shagon ta tambaye ni amarya fara ce ko baƙa, don ta taya mu zaɓe. Na ce kifi ne. Ta miƙo mana kwalba ɗaya ta karɓi kuɗinta, muka fita.

Mun kwana a Maiwurno wajen dangi. Garin nan ko a bakin titi Hausa da Fillanci kake ji, amma samarin gidan da muka sauka kana yi musu Hausa suna mayar maka da Larabci. Washegari muka bi ta Sinnar muka nufi Dindir. Lokacin yankan riɗi ne, ko ina an jingina dammuna a gonaki, ga garken shanu suna tare hanya ba su san da ƙaho na mota ba. A kasuwar Dindir kaya suka samu a banza ko kusa da banza: gashin zabo wajen masu fige kaji, gashin wutsiyar farar akuya wajen mahauci, da kakin zuma na goge zare. Zakara kuwa, duk wanda aka ɗago masa sai Kawu ya shafa wuyansa ya girgiza kai. Yana son na tsohon zakara, dogo, siriri, mai baƙi a tsakiya da ruwan zinariya a gefe. Ya ce mutum ɗaya ya sani mai irin waɗannan zakarun, wani abokinsa na kamun kifi tun ƙuruciya, a wani ƙauyen Hausawa sama da madatsar Rusairis. Sun fi shekara goma ba su haɗu ba.

Muka tsallako ta Sinja muka miƙe kudu. Daga nan ƙasa ta canza, ga kuka da giginya, ga duwatsu daga nesa. An tsayar da mu a shingayen bincike, a ɗaya har aka buɗe jakarmu, jami'in ya ga gashin zabo da wutsiyar akuya da kaki, ya dubi Kawu da girmamawa ya ce a sa shi a addu'a.

Ƙauyen da muke nema babu shi. Tun da aka ƙara wa madatsar tsawo ruwa ya shanye wurin, an mayar da mutanen wani sabon gari mai gidaje iri ɗaya a jere. Kawu ya tsaya a bakin ruwan yana nuna mana da sanda inda masallaci yake da, da inda suke ɗaure kwalekwale. Muka shiga sabon garin muna tambaya layi-layi. Da muka sami gidan, sai muka tarar abokin nasa ya rasu shekara biyu da suka wuce. Kawu ya zauna a dakalin ƙofar gida ya yi masa addu'a. Na ɗauka tafiyar ta ƙare ke nan.

Matar marigayin, wata Hajja mai kuzari, ta gane shi tun daga murya. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ta tambayi abin da ya kawo mu, da ta ji sai ta yi dariya ta ce mu shigo. Zakarun suna nan a tsakar gida, ta taho da su a kwando ranar ƙaura. Ashe tun asali ita ke kiwonsu, ita ke tsinke gashin wuyan kaɗan-kaɗan ba tare da an yanka ba, ta rina wasu da lalle wasu da zoɓo, ta adana a gwangwani da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari. Masunta har daga Damazin suke zuwa saye. Ta yi ciniki da Kawu kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ba ta rage masa ko kaɗan ba, sannan ta cika mu da kisra, wainar dawa mara kauri, da miyar kuɓewa har muka kasa tashi.

Da safe muka gangara bakin ruwa da sandar gora da Hajja ta ara mana. Na shimfiɗa buhu na jera kayan, ina jiran in ga aikin da na saba gani tun ina ƙarami. Kawu ya ɗauki ƙugiya da zare. Hannunsa ya shiga rawa. Ya yi ƙoƙarin naɗa zaren sau uku yana kuɓucewa, a na huɗu ƙugiyar ta faɗi cikin yashi. Ya ajiye zaren.

"Ɗan nan, ba ruwa ne ya raba ni da sana'a ba," ya ce. "Tun bara hannun ga ya ƙi. Kunya ta hana ni faɗi."

Na tambaye shi to me ya sa muka yi wannan doguwar tafiya.

"Da an aiko da su cikin leda, da wa za ya san inda a ka samun su? Yanzu ka ga mai ƙugiya, ka ga Hajja. Zamna ka ɗauki zaren."

Na zauna. Shekaruna arba'in da 'yan kai, kullum kallo nake yi, ban taɓa riƙewa ba. Yana faɗa ina yi: a goga kaki, a fara naɗi daga wuya, gashin akuya a ƙasa, na zabo a gefe, na zakara a zagaye, ƙyalli kaɗan kada ya yi yawa kifi ya tsorata. Ta farko ta warware kafin in ɗiga jan farce. Ta biyu ƙanena ya ce ta yi kama da tsintsiya. Ta uku Kawu ya juya ta a tafin hannunsa ya ce a gwada. Shi ya wurga, don wurgi bai gagare shi ba. Mun fi awa ba abin da ya motsa. Rana ta fara zafi, ina shirin cewa mu tafi, sai ruwa ya fashe, gora ta lanƙwasa. Muka riƙe ta tare. Tsage ne, bai kai tsawon kamu ɗaya ba, amma Kawu ya yi ta dariya har da tari. Hajja ta soya shi, Kawu ya cinye rabi shi kaɗai.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, ba tsayawa sai salla da man mota, da matashin zakara da kaza biyu na gidan Hajja a kwando a bayan mota. Mun iso gida da magariba. Kawu ya tara mutanen gidan ya kafa doka cewa ko baƙo daga Makka ya zo ba a yanka zakaran nan.

Ga masu tambaya ko a intanet za su saya ko a kasuwa: wanda yake da hanyar biya, kayan can suna da kyau, ban kushe su ba. Amma ni na gano cewa babu shago ɗaya da ya tara su a ƙasar nan. Suna warwatse ne wajen tela da mahauci da mai kaji, kuma sai ka je da wanda ya san mai kyau daga marar kyau. Na kuma gano cewa na yi shekara guda ina gaida kawuna kullum safe ban taɓa duban hannunsa ba. Yanzu bayan la'asar, in na dawo daga gona, ina zuwa in ɗaura masa biyu ko uku yana yi mini faɗa. Da safe shi ke riga kowa zuwa bakin kogi.