Ƙofar Bankin Da Babana Ba Zai Shiga Ba

Akwai wata Asabar a College Park, garin da nake karatu a ƙasar waje, da ko na tsufa ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ina karatun digiri na uku, kaina ya kumbura da wani tsohon bankin Japan da aka kafa don raya noma da masana'antu. Har na rubuta shawarar a kafa irinsa a jiharmu, saura mako biyu in aika gida. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin, har abokaina suka laƙaba mini Manaja.

Ranar ina lambun unguwa ina ba yakuwata ruwa. Wata tsohuwa 'yar Japan mai fili kusa da nawa tana cire ciyawa. Ni da bakina ba ya shiru, na hau yabon bankin ƙasarsu.

Ta saurara har na gaji, sannan ta ce, "Kakana ya yi noman shinkafa duk rayuwarsa, bai taɓa taka ƙofar bankin nan ba. Sai mai ƙasa ake ba rance, shi kuwa gonar haya yake nomawa. Mu a gidanmu, tikitin cacar da yake sayarwa muka san bankin da shi."

Wallahi na ji kunya. Na sha karanta sharaɗin jinginar da ƙasa, har na kwafe shi cikin shawarata, amma ban taɓa tsayawa na tambayi wa zai bari a waje ba.

Ina komawa ɗaki na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, gonarmu ta bakin rafi tana da takarda kuwa?"

Ya yi dariya. "Wace gonarmu? Ai aro ce. Tun kafin a haife ka nake zuwa neman izini wurin mai ita duk damina."

Gonar da ta biya mini kuɗin makaranta ke nan, ga shi na share shekara biyu ina tsara bankin da zai mayar da mai noma ta daga bakin ƙofa.

Ban aika shawarar ba, sai da na sake ta daga tushe. Tun ranar na koyi abu guda: duk tsarin da aka kawo mini, komai kyansa, nakan fara tambaya ko Baba zai iya shiga.