Shuka a Tanaka

Ranar wata Asabar ce da hantsi, cikin azumin shekarar da ta biyo bayan rushe unguwarmu Karantina. Ina durƙushe a bayan gidan da muka saya a wani ƙaramin gari na ƙasar Holan, ina haƙa rami. Ƙasar baƙa ce jiƙaƙƙiya, shebur na shiga ba gardama. A gefena akwai dashen tuffa cikin tukunyar roba, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Sai waya ta yi ƙara a aljihun rigar sanyina. Yayana Salihu ne daga Jidda. Bai yi doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ce, "Hauwa, sai haƙuri. Ummi ta cika ɗazu bayan asuba. Halas, shi ke nan, ya ukhti, 'yar'uwata. Da la'asar za a kai ta." Na yi salati, na zauna a kan ƙasar da na tono. Babu jirgin da zai kai ni kafin la'asar. Wata mata ta wuce a kan keke ta bayan shinge, ta ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga mata. Ramin nan na Ummi ne. Mun yi da ita za ta zo bayan salla ta sa dashen da hannunta.

A Karantina aka haife mu, can kudancin Jidda. Kakanmu ya zo aikin hajji a ƙafa tun yana saurayi, bai koma ba. Baba ne ya gina gidanmu da bulo da kwano, ɗaki uku da ɗan tsakar gida, amma filin ba shi da takarda, kamar yawancin filayen unguwar. Sana'ar Baba tsire, wanda Larabawa ke kira sire, shi ya sa rigunansa ba sa rabuwa da ƙamshin ƙuliƙuli da hayaƙi. Ummi kuma tana soya gyaɗa ta kai ƙofar wata makarantar gwamnati, inda mu ba mu shiga saboda ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Karatunmu a gidan wata malama muka yi shi, a kan tabarma, fanka ɗaya na juyawa a kanmu duka. Lungunmu matsattse ne, mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna. Ba a rufe ƙofa da rana, labule kawai ake saki, don haka kowa ya san miyar da kowa ya dafa. In motar ruwa ta tsaya a bakin titi, sai ka ji lungu ya ɗauka, "Yalla, ruwa ya zo!" Mu yara mu fito da jarkoki muna ture juna. In mun cika ganga, maza su koma ƙwallo da ƙafa ba takalmi, mu mata mu zauna carafke a dandamalin ƙofa har a kira magariba.

Abin da ya bambanta gidanmu da na maƙwabta shi ne shukar Ummi. Tana da rihan, wato ɗoɗɗoya, da na'ana'a, da yakuwa, da barkono, da lalle, har da zogale biyu, amma ko ɗaya ba ya cikin ƙasa. Duk a tanaka suke, wato manyan gwangwanayen mai da na madara da take roƙo a kantin unguwa. Salihu ke huda musu gindi da ƙusa, ya ɗebo taki daga kasuwar dabbobi. Ni ce mai ban ruwa. Ba a zubar da ruwan wankin shinkafa a gidanmu, haka ruwan alwala, sai a tara a bokiti in bi tanaka ɗaya bayan ɗaya. Da rana ta take, mu ja su zuwa inuwar bango, da yamma mu mayar. Hannuna ya sha yankan bakin gwangwani. Idan na yi ƙorafi, Ummi ba ta ɗaga murya, sai ta ce, "Abin da ba za ki iya ɗauka ba, kada ki shuka shi a nan."

Maƙwabciyarmu Khala Sa'adiyya ba ta yarda da wannan ba. Ita ta dasa dalbejiya a ƙasa, a tsakiyar gidanta, ta girma har rassanta suka leƙo namu. Takan ɗaga labule ta shigo ta tsaya tana kallon jerin gwangwanayen, ta ce, "Ke Rabi, lambun nan naki kullum a shirye yake kamar alhazai a filin jirgi. Ina za shi ne?" Ummi ta ce, "Ke dai je ki tambayi dalbejiyarki ko tana da iƙama." Su yi ta dariya, Khala ta tsinki na'ana'ar shayi ta fita. Kusan kullum sai sun yi wannan, kuma a inuwar dalbejiyar Ummi take ɓare gyaɗarta.

Ina da kamar shekara tara aka ba ni mangwaro, na shanye na ƙi yar da ƙwallon. Na binne shi a kusurwar tsakar gida kusa da ganga, inda ruwa ke ɗiga. Ya tsiro da ganye jajaye masu sheƙi. Kullum da safe kafin in wanke fuska sai na je na duba shi. Na riga na ga kaina a ƙarƙashinsa, na ga ranar da Khala za ta zo roƙon mangwaro a gidanmu. Wata rana na dawo daga gidan malama na tarar da Ummi a tsugune da wuƙar girki, ta tono shi da ƙasarsa, tana sa shi a tanaka. Na yi kuka, na ce zai mutu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce lokacin da take kamar ni an taɓa tashin su daga wata unguwa, mahaifiyarta ta bar bishiyar lemon tsami da ta yi shekaru tana raino, kuma har ta rasu ba ta daina maganarta ba. Ta ce, "Gara ki yi kukan yanzu, tun yana ƙarami." Mangwaron bai daɗe a tanakar ba ya bushe. Na yi kwanaki ba na cin abinci kusa da ita.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu. Na auri Bashir, ɗan unguwarmu, shi kuma ya sami hanya zuwa Holan, yana aiki a gidajen gilashin da ake noman tumatir. Na bi shi, na sami aikin kula da tsofaffi. Mun daɗe muna haya a saman bene. A can ma, ban lura ba, na cika bakin taga da gwangwanaye.

Sai aka zo rushe Karantina. Aka bi bango ana rubuta "ikhla" da jan fenti, ma'ana a tashi. Salihu ya turo mini hoton ranar da suka kwashe. Katifu da tukwane a gefe guda na motar ɗaukar kaya, sauran wurin duk tanakoki ne, lalle da zogale suna rangaji, Ummi na zaune a gaba ta rungume rihan a cinya. Ba ta bar ko ɗaya ba. Dalbejiyar Khala kuwa katafila ce ta ture ta tare da bango. Salihu ya ce Khala ta tsaya tana kallo har aka gama, Ummi ta sauko daga mota ta riƙe mata hannu. Ashe duk shekarun nan Ummi ke da gaskiya, kuma ban taɓa jin ta yi murna da hakan ba.

Ummi ta koma wajen Salihu a unguwar Sharafiyya, hawa na uku, babu tsakar gida. Aka jera tanakokin a matakala, mai gadin benen ya ce suna tare hanya. Aka shigar da su ɗaki, ba rana. Suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta rage magana. Wannan ne ya sa na matsa wa Bashir mu sayi gida mai fili, kome ƙanƙantarsa. Muka yi ta yawon dubawa, muka yi ta zaryar banki, har muka sami wannan, na jan bulo, a layin da gidajensa duk kamarsu ɗaya. Ranar da aka ba mu makulli na kira ta, na juya wayar ina nuna mata filin baya. Ta ce, "Ƙasar ma taku ce, ko ginin kawai?" Na ce har ƙasar, Ummi. Ta ce, "Har can ƙarƙashi?" Na ce har ƙarƙashi. Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ce, "To kada ki taɓa. Ki jira ni." Lalle ba ya jure sanyin nan, mangwaro ma haka, shi ya sa na sayi tuffa. Takardun zuwanta sun kusa kammala.

Unguwar nan shiru gare ta. Tagoginsu manya ne, da yawa ba labule, kana wucewa kana ganin fitila da tebur da mage, amma ƙofofi a rufe suke, kuma ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana. Abin da ake ji shi ne ƙararrawar coci, da agwagi a magudanar ruwan da ke ƙarshen layi, da tayar keke a kan bulon titi. Mutanen kirki ne. Da suka ji rasuwar, wani ya ajiye furanni a bakin ƙofa ya tafi, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba, don kada ya dame ni. A Karantina da an shimfiɗa tabarmi a lungu, da tukwane sun shigo daga kowane gida, da Khala ta zauna kusa da ni tana kuka tana ba ni labarin Ummi. Yanzu lungun ma babu shi. Salihu ya ce in ka je wurin ba za ka gane inda ƙofarmu take ba, fili ne fetal.

Akwai wani dattijo da shingenmu ɗaya, gwanin lambu. Ya leƙo ran nan ya dubi dashen, ya ce saiwarsa ta cika tukunyar tana nannaɗe kanta, in ban sa shi a ƙasa kafin sanyi ba zai lalace. Ya ce in aikin ne ya yi mini yawa, zai shigo ya yi mini. Na yi masa godiya, na ce zan yi. Bashir bai taɓa tambayata ba, katako kawai ya ɗora a bakin ramin don kada wani ya faɗa. Ina tara ruwan wankin shinkafa ina ba dashen. In iska ta taso, sai in ja shi jikin bango. Na san dattijon ya faɗi gaskiya, kuma na san babu mai zuwa ya rubuta mana jan fenti a bangon nan. Ganye ya fara zuba a layinmu. Ramin yana nan, dashen yana cikin tukunyarsa, ban dasa ba.