Tsoho Mai Murza Ƙasa a Jarwal

A bakin ramin da ake haƙa wa sabon otal a unguwar Jarwal ta Makka, wani tsoho yana tsugune, buhun gwangwanayen da ya tsinto yana gefensa. Jallabiyarsa ta koɗe, dunduniyarsa duk faso. Yana ɗibar ƙasa, ya tofa mata yawu, ya murza tsakanin yatsu. Ta ƙi haɗuwa, sai zubewa take yi.

Na ce, "Baba, zinariya ake nema? A raba da ni mana."

Ko murmushi bai yi ba. "Ɗan nan, wannan ai garin dutse ne. A fadamata taƙi biyu na sama baƙa ce wuluk. Ƙarƙashinta yumɓu ne mai riƙe ruwa har rani, in ka murza shi sai ya miƙe kamar igiya. Can ƙasa kuma marmara."

"Wa ke noma ta yanzu?"

"Wanda na sayar wa, na taho hajji. Shekara goma sha tara ke nan."

Na wuce na bar shi a tsugune. Ina jin duk ramin da aka haƙa a Makka sai ya gwada, ko za a dace. Ga shi can ya sake ɗiba, yana tara yawu.